Sunan da Inna Ba Ta Kira

Talata, da hantsi

Yaya Jibril ya faɗi. Haka Ayman ya ce, abokin ɗakinsa a can Isbaniya, kuma ban samu fiye da haka ba kafin shabaka, wato netwok, ta yanke. Suna aiki a gonar tumatir irin ta cikin rumfar leda, wai Yaya ya hau gyaran rufi. Yana mustashfa, asibiti ke nan. Ayman ya ce, "Ya ustaza Raihana, ki yi addu'a kawai," ya karanto mini lambar wata ma'aikaciyar jinya mai suna Pilar, sai muryarsa ta tsinke.

Na tsaya a rumfar Usmanu riƙe da talafon kamar wadda aka dasa. Usmanu ne mai faifan intanet a kasuwar Abu Hujar, duk ƙauyukan nan wurinsa ake zuwa a ji ko na nesa suna da rai. Na dawo gida a ƙafa, ban ma ga hanyar ba.

Wannan littafin na shirin darasi ne. Shi na fito da shi daga Madani, garinmu, ranar da yaƙi ya kore mu, shi da guntun alli a aljihun jaka, sai ka ce zan koyar da Turanci a bisa lori. Tunda babu makaranta babu ɗalibai, bari in cika shi da abin da ba na iya faɗa a tsakar gidan Gwaggo Yalwa.

Na ce wa Inna Yaya ya ɗan ji ciwo a wurin aiki. Tana yankan kuɓewa za ta shanya, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Allah shi sawwaƙe ma na Kaka." Amma na ga wuƙar ta tsaya.

Laraba, bayan azahar

Na kira lambar Pilar. Wata muryar na'ura ce ta amsa, mace, tana zuba magana kamar ana korarta. Abu ɗaya na kama don ta maimaita shi: no contesta.

Na nemi ma'anarsa, sai na faɗa wani shafi da ke koya wa masu jin Turanci Isbaniyanci. Darasi guda cur a kan kalmomin amsawa. Na sauke shi a talafon don in karanta a gida. Ashe amfanin Turancin da na ƙare ƙuruciyata a kansa ke nan, ya zama tsanin hawa wani harshe.

Contestar, amsawa. Amsa waya, amsa tambaya, amsa ƙwanƙwasa ƙofa. Responder, shi ma amsawa. Akwai replicar, mayar da magana da gardama, irin halina. Misalan da ya kawo: Huwan ba ya amsa wasiƙar budurwarsa. Malama ta yi tambaya, yara sun amsa. Har da barkwanci yake sakawa, mutumin nan. Ka ji wanda ya ci ya ƙoshi, babu nasa a kwance.

Na haɗa jimla biyu da taimakon mai fassara na talafon, na aika mata: ni ƙanwar Jibril ce, don Allah ki amsa. Contesta, por favor.

Alhamis, da safe

Babu shabaka. Usmanu ya ce hadari ne.

Alhamis, la'asar

Ba hadari ba ne.

Asabar, da hantsi

Ta amsa! Amma da murya ta aiko, ga ƙarar na'urori a bayanta, kuma mai fassarar nan ba ya jin murya sai rubutu. Na zauna a bayan rumfar Usmanu na yi ta sauraro har batir ya yi ja. Muryarta mai taushi ce, ta babbar mace. Na ji sunan Yaya, tana faɗinsa da wani kaurin maƙogwaro, Hibril. Sannan na ji kalmar da na sani tun ranar Laraba.

No responde.

Na buɗe darasin ina fatan in ga na yi kuskure. A can ƙasan shafi mai barkwancin ya ƙara cewa responder ana amfani da ita ga majinyaci, ko jikinsa yana karɓar magani, ko yana motsi in an yi masa magana. Wato Yaya yana kwance, ana kiransa, ba ya amsawa.

Yayan da in ka kira shi daga wancan ƙarshen hawasha, gonarmu, sai ya amsa kafin ka rufe baki.

Na gaya wa Gwaggo Yalwa a bakin murhu. Ta saki muciya ta yi salati. Inna tana jinmu daga ƙarƙashin rumfa. Ta ce, "Na Kaka dama barcin nauyi gare shi tun yana ƙarami." Ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito cin abinci ba.

Lahadi, bayan magariba

Tsoro nake ji. Na rubuta don in ga ko zai ragu. Bai ragu ba.

Litinin, da rana

Ayman ya kira. Zai bar garin, aikin tumatir ya ƙare, za su tafi arewa tsinkar 'ya'yan itace, in bai bi motar ba ya rasa. Ban zarge shi ba, shi ma yana da uwa a Kosti. Amma da ya tafi babu sauran mai jin Larabci a kusa da gadon Yaya. Ni ce tafinta yanzu, ni da darasina guda.

Kafin ya tafi ya shiga ya yi magana da diktor. Diktor ya ce kunne shi ne ƙofar da ba ta saurin rufewa. A aiko da muryoyin 'yan gida, a kira shi da sunansa kamar yadda ake kiransa a gida, Pilar za ta riƙa sa masa a kunne.

Na dawo da gudu. Na fara da kaina, na ce Yaya Jibril, ni ce Raihana mai baƙin baki, tashi ka rama. Gwaggo Yalwa ta karɓi talafon ta manna shi a baki kamar za ta cinye shi: "Jibrilu! Kai Jibrilu! Wa yac ce ka hau rufi? Kai biri ne? Tashi maza, ga damina ta zo, babu mai yi muna shuka!" Ta yi ta faɗa har ta fashe da kuka, ta ce a goge, na ƙi gogewa. Limamin unguwa ya karanta masa Yasin. Har tsofaffin abokansa na ƙwallo biyu da muka tarar a kasuwa sun yi masa ihu.

Inna tana ta wankin tukwanen da aka riga aka wanke.

Laraba, da hantsi

Pilar ta rubuto a rubuce, Allah ya saka mata. Ta sa masa duka. No responde. Sai ta ƙara da tambaya: ¿Y la madre? Uwar fa?

Na daɗe ina kallon kalmomin. Da ban amsa da wuri ba sai ta sake rubutowa, lo siento, wato ta yi mini ta'aziyya. Ta zaci Inna ta rasu.

Ta yaya zan gaya wa matar nan cewa uwar tana nan da ranta, ga ta can tana tankaɗe, amma ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi? Yaya ɗan fari ne. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Da aka yaye shi Kaka ta ɗauke shi, uwar Baba, a ɗakinta ya girma. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Na Kaka, shi ke nan. Yaran unguwa masu sunansa, sai ta ce mai sunan na Kaka. Ko mala'ikan da ya kawo wahayi, in ana hira ta zo kansa, babban mala'ika take cewa. 'Yan matan da na koyar a Madani dariya suke yi wa wannan al'ada, da yawansu ma Hausar ba ta zauna a bakinsu ba. Amma Inna da Sakkwaton kakanninta take kwana take tashi, ko da ba ta taɓa ganinta ba.

In ya kira waya ya ce, "Inna, ina wuni?" sai ta juya baya ta ce mini, "Ce mishi lafiya lau." Yana ji, ina maimaitawa, kullum haka. Shi kuma mugun ba ya gajiya da tsokanarta. Sai ya sake murya ya ce, "Hajiya Dije, kin san ko wa ke magana?" Ta ce, "Ce mishi ya kiyaye ni." Ran da zai tafi, yana ɗaure jaka, ya ce mini da ƙarfi don ta ji: "Wata rana sai ta kira ni, Raihana. Ran nan zan amsa na'am har mutanen Sinja su firgita." Ta jefe shi da takalmi. Ta same shi kuwa.

Kakar da za ta kira shi mun bar ta a hanya, ƙarƙashin wata bishiya, kafin Sinnar. Wannan ba zan rubuta shi ba.

Na amsa wa Pilar da kalma ɗaya da na samo: vive. Tana raye.

Alhamis, bayan asuba

Na sami Inna a kan tabarmar salla. Na durƙusa, na yi magana a hankali kamar yadda Gwaggo ta ce in yi. Na ce diktor ne ya nema. Na ce ba wanda zai ji, ni ma zan fita. Sau ɗaya kawai, Inna.

Ta ce, "Ki sa mishi addu'ata. Addu'a ba ta bukatar suna, Allah ya san shi."

Na ce ba Allah ne ke kwance ba ya ji ba.

Astagfirullah. Na faɗa, kuma ban tsaya nan ba. Na ce kunya ce za ta tashe shi? Na ce gidanmu ya tafi, Kaka ta tafi, garinmu ya tafi, wa ya rage da za a ji kunyarsa? Na ce in ya mutu ba ki kira shi ba, ki riƙe kunyarki ki yafa ta. Muryata har maƙwabta. Gwaggo ta shigo ta ja ni waje tana cewa, "Ke ɗiyar nan, bakinki wuta ne? Uwarki ce fa!"

Inna tana nan a kan tabarmarta. Carbinta kawai nake ji.

Alhamis, da yamma

Replicar. Na iya wannan tun kafin in san sunanta.

Asabar, da rana

No responde.

Lahadi, la'asar

Tun safe ake jin abin daga wajen Sinja. Ba wanda ya ambaci sunansa. Mata suna ta ɗaura kaya a zannuwa suna cewa shara suke yi. Mijin Gwaggo ya tafi duba taraktar da ke zuwa Damazin, wai don ya san farashin iri.

Mun taɓa yin wannan sharar a Madani, na san ƙarshenta.

Usmanu ya ce mini a ɓoye, "Ustaza, in kina da saƙon aikawa ki aika. Faifan nan ba zai kai Juma'a a nan ba."

Litinin, da hantsi

Pilar ta aiko da hoton hannunsa. Hannun kawai, da allura a bayansa, da tabon lauje a babban yatsa. Ta riƙe shi da nata hannun mai safar roba. A ƙasa ta rubuta cewa likitoci za su zauna a ƙarshen mako su yanke shawara kan na'urorin da ke riƙe da shi. Akwai wata kalma a jimlar da ba ta cikin darasina. Na nema. Na gani. Ba zan rubuta ta a littafin nan ba.

Na nuna wa Inna hoton. Tun ranar Alhamis ba mu yi magana ba. Ta karɓi talafon da hannu biyu, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe. Ta ce, "Wanga tabon, ranar girbin dawa ne. Ni na ɗaure shi da bakin zanena, yana barci, Kaka ba ta sani ba."

Ban taɓa jin wannan ba.

Talata, bayan azahar

Mun je kogi wanki, ni da ita. Ruwa ya fara ja, damina ta sauka a sama. Muna cuɗa kaya ba mai kallon wani, sai ta fara magana tana fuskantar ruwa.

Ta ce, "Kina tsammanin kunyar mutane nike ji? Waɗanne mutane?"

Na sunkuyar da kai kan wankina.

Ta ce innarta ma haka take da yayansu Sa'id, ɗan farinta. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Zazzaɓi ya kama shi yana saurayi, shekarar da auduga ta yi kyau. Ran da aka fito da shi a makara, innarsu ta biyo maza har ƙofar gida, ba lulluɓi, tana kiran Sa'idu, Sa'idu. Inna tana yarinya a lokacin, tana riƙe da gefen zanen uwar.

"Sau ɗaya na ji uwa ta kira ɗan fari," ta ce. "Ran nan ne. In na buɗe baki na kira shi, Raihana, ji nike kamar na fito da shi da hannuna. Muddin ban kira ba, yana nan."

Wayyo Allah. Ni ina ta zarginta da taurin kai, ashe ita riƙe shi take yi da shirun nan, iyakar ƙarfinta.

Na ce, "Inna, waccan ta kira bayan an rufe ƙofa. Ke ƙofar ba ta rufe ba tukuna. Diktor ya ce kunnensa a buɗe yake."

Ta matse zane, ta matse, har ya daina ɗiga tana matsawa.

Laraba, da safe

An ce gobe tarakta za ta tashi. An ce jibi. An ce an rufe hanya. An ce ba a rufe ba.

Laraba, la'asar

Ta zo da kanta. Ina shanya, ta tsaya a bayana ta ce, "Ina ake dannawa?"

Na nuna mata alamar, na ce ta danna ta yi magana. Ta ce in ba ta wuri. Ta zagaya bayan ɗaki wajen turken akuya, ta ja mayafi ta rufe kai da talafon gaba ɗaya. Ni da Gwaggo muka koma zaure muka toshe kunne kamar yara. Gwaggo tana ta kuka ba sauti.

Ta daɗe. Da ta fito fuskarta kamar wadda ta yi jinyar wata guda. Ta miƙo mini talafon ba ta kalle ni ba, ta ce, "Na yi. Kada wanda yat tambaye ni."

Na duba.

Babu komai. Ta danna sau ɗaya ta saki, ba ta riƙe ba. Ni ban ce mata a riƙe ba. Abin da ya shiga ɗan ƙaramin motsi ne da kukan akuya. Ta kira shi, ta kira ɗanta bayan duk shekarun nan, kuma akuyar Gwaggo ce kaɗai ta ji.

Na shiga bayan gida na cusa mayafi a baki na yi ihu.

Ban gaya mata ba tukuna. Ya Rabbi, da wane baki?

Alhamis, da hantsi

Na gaya mata bayan asuba. Na zaci za ta mare ni, da ta mare ni da na ji sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Wato sai na sake fito da shi."

Na ce a'a Inna, sai kin sake kiransa.

Ta zauna a bakin gado. Ta ce yatsanta ba shi da ƙarfin riƙewa, ni in riƙe, amma in juya fuska. Na durƙusa a gabanta, na ɗaga talafon, na juya kaina wajen bango. Kunne kuwa ba ya juyuwa.

Da farko numfashi kawai. Sannan ta yi gyaran murya kamar mai shirin gaida baƙo. Sai ta ce, a hankali, da wata muryar da ban san tana da ita ba:

"Jibrilu."

Ta tsaya. Na ji gadon yana rawa.

"Jibrilu. Ni ce. Ni ce Innarka." Sai muryar ta ɗaga, irin ta kiran yaro daga gona in abinci ya sauka. "Jibrilu! Ina kiranka, ba ka ji ba? Kai ka ce za ka amsa. To ga ni na kira. Amsa mini, ɗana."

Na saki yatsa. Ba mu kalli juna ba. Na sa takalmi na fita da gudu.

Alhamis, bayan azahar

Kasuwa ta watse. Rumfuna a buɗe, tumatir a zube a ƙasa ba mai ɗauka. Rumfar Usmanu babu kowa. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina juyawa kamar mahaukaciya, sai wata mai shayi da ke kwashe kofuna ta nuna mini hanyar kudu.

Na cim masa bayan gari, faifan yana ɗaure a kan keken jaki tare da katifa da 'ya'yansa. Na riƙe linzamin jakin. Ban san abin da na ce ba, ina jin Hausa da Larabci na haɗa har da por favor. Matarsa ta ce, "Ya Usman, sauke mata." Ya dubi hanya, ya dubi sama, ya yi tsaki, ya kwance igiya. A nan gefen hanya ya jingina faifan da katifa ya haɗa batir, mutane suna wuce mu da kaya a ka suna kallo.

Saƙon ya yi ta juyawa. Usmanu yana gaggauta ni yana cewa, "Yalla, ustaza, yalla." Sai ya tafi. Na ga alamar ya isa.

Na rubuta wa Pilar: la madre.

Bai bari na jira amsa ba, kuma yana da gaskiya.

Juma'a

Mun fito.

Lahadi, ban san ƙarfe nawa ba

Tarakta ta kafe a laka, maza suna turawa. Babu shabaka, batir ya mutu. Ƙarshen makon da likitoci suka ce ya zo ya wuce muna cikin taɓo. Duk abin da suka yanke sun yanke.

Inna ba ta magana. Ba ta ci. In na kalle ta sai in ga leɓɓanta suna motsi, kuma ba tasbihi take yi ba. Yanzu da bakin ya buɗe ya ƙi rufuwa, a ɓoye take ta kiransa.

In ya riga ya tafi, ni na sa ta fito da shi. Wannan tunanin ba ya barina.

Litinin, da yamma

Don kada in haukace ina karanta darasin da ka. Contesto, na amsa. Contestas, ka amsa. Contesta, ya amsa. Wata yarinya a kan kaya ta tambaye ni wace addu'a ce. Na ce ta neman amsa.

Laraba, da hantsi

Mun iso wani ƙauyen Hausawa kafin Damazin, wurin dangin mijin Gwaggo. Sun ba mu ɗaki da kunu mai zafi. An ce akwai mai faifai a bakin tasha. An sa mini talafon a caji tun ɗazu, ya cika, ina zaune ina kallonsa.

Ba na son in je. Muddin ban je ba, yana nan.

Ji ni fa. Bakin Inna ne a bakina.

Laraba, la'asar

Na je.

Saƙonnin Pilar suka yi ta shigowa a jere. Na farko: ta sa masa. Na biyu, washegari: nada, babu komai, amma ta roƙi likitoci su ƙara kwana, ta ce uwar ce, yanzu ta iso. Na uku: tana sa masa safe da yamma, har abokan aikinta sun haddace sunan da irin kiran Inna. Na huɗu: yatsunsa sun motsa, amma kada in sa rai da yawa, gefen damansa ba ya motsi, kuma ba a san abin da zai dawo da abin da ba zai dawo ba.

Na biyar na jiya ne. Kalma biyu, sai tambaya, sai saƙon murya.

Ha contestado. Ya amsa.

Tambayar kuwa, wai wata 'yar magana ya faɗa, ba ta cikin harshen da suka sani, mece ce ma'anarta?

Ban saurara a tasha ba. Ba nawa ba ne. Na riƙe talafon a ƙirji na taho gida.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafar mutanen gidan, Gwaggo na gefe. Na durƙusa na ajiye talafon a kan tabarma tsakaninmu na danna.

Ƙarar na'urori. Sai muryar Inna da kanta, ƙarama, daga wata wayar, tana cewa Jibrilu, ina kiranka, ba ka ji ba. Inna ta ja mayafi ta juya baya da sauri kamar yadda ta saba. Sai shiru. Sai wani numfashi mai nauyi, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Mutanen Sinja ba su firgita ba, ko kazar da ke gefenmu ba ta motsa ba. Da ƙyar ya fito, a karkace, rabin bakinsa ne ya faɗa.

"Na'am, Inna."

Gwaggo ta kife a kan tabarma. Ni ban san lokacin da shinkafar ta zube ba.

Inna tana nan da bayanta gare mu, kafaɗunta suna rawa. Ta daɗe. Sannan ta share fuska da bakin mayafi, ta gyara zama, ta ce da muryarta ta kullum, "Raihana, ce mishi..."

Na ɗauki talafon na sa yatsa, ina jira.

Ta juyo. Ta miƙo hannu.

"Kawo nan," ta ce. "Ni aka amsa ma. Nuna mini yadda ake riƙewa."